Akwai Nas a Ciki

Ranar da sunan Naomi ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a makarantar koyon aikin jinya, ita kuka ta yi don murna, mijinta Filibus kuwa fenti ya sayo. Kafin la'asar ya hau benci a ƙofar ɗan kemis ɗinsa na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ke maƙale tsakanin mai faci da injin markaɗe, ya rangaɗa rubutu da jan fenti a ƙasan allon shagon: AKWAI NAS A CIKI.

Naomi ta zo kawo masa abinci ta tarar da shi a sama, fenti har a gira.

"Baban Godwin, wace nas ce a ciki?"

"Ke mana."

"Ni da sai Litinin zan fara zuwa aji?"

"To Litinin ɗin shekara ce? Kafin fentin ya gama bushewa ai kin fara."

Shekarar ce sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, kuma duk Tarauni babu wanda abin ya kama kamar Filibus. Rediyo na manne a kunnensa tun safe. Ka ce masa miya ta yi gishiri, sai ya ce maka ai yanzu dimokuraɗiyya ake, kowa da ra'ayinsa. A majami'a kuwa ya miƙe ya ba da shaida, ya ce shi ba irin mazan nan ba ne masu danne mace, ga shi ya tura matarsa karatu. Aka tafa masa har da guɗa. Bai dai ga ya dace ya ambaci cewa Naomi keken ɗinkinta ta sayar ta biya kuɗin makarantar ba.

Abu na ƙarshe da ta ɗinka kafin mai sayen keken ya zo ya ɗauke shi, fararen riguna ne guda biyu na makaranta, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Ta zauna da allurar hannu da shuɗin zare ta saƙa sunanta a ƙirjin kowacce, NAOMI FILIBUS, don haka dokar makarantar ta ce. Ta daɗe tana shafa rubutun da yatsa. Tun tana yarinya take son rigar nan, kuma sai da ta yi aure ta haifi Godwin ta yaye shi har ya shiga firamare sannan ta samu.

Shugabar malamansu, Misis Obiechina, wata gajeruwar mata ce haihuwar Sabon Gari, wadda ake jin ƙarar takalminta kafin a gan ta. Ranar farko ta tsaya a gaban ajin ta ƙare musu kallo.

"Kada wadda ta yaudari kanta don ta sa farar riga. Ku ba nas ba ne. Wata shida za ku yi kuna koyon gyaran gado da sunayen ƙasusuwa, sannan a yi jarrabawa. Wadda ta ci a ɗora mata hula, wadda ta faɗi ta san hanyar gidansu. Wadda kuwa na ji labarin ta taɓa allura a unguwa, ba sai ta jira jarrabawar ba."

Naomi ta dawo gida ta maimaita wa Filibus maganar kalma da kalma. Ya ce matar nan da ji ragowar mulkin soja ce.

Daga nan ranakun Naomi suka zama gudu. Tun kiran sallar asuba na masallacin bayan gidansu take tashi, ta tari ruwa kafin famfo ya ɗauke, ta dama koko, ta wanke Godwin, ta goge riga da dutsen gawayi tana hura toka don kada ta ɗiga a kan farin yadin. Ta kai yaron makaranta, ta cusa kanta a bas tana kare rigar da zani. In an tashi daga aji ta zarce shagon kitso na Hajiya Binta a kasuwar Tarauni, ta sauya kaya, ta kama kawunan mutane har yatsunta su sage, don daga nan kuɗin mota da na littattafai ke fitowa. Tana kitso tana bitar ƙasusuwa a zuci, har wata rana ta ce wa wata mata ta ɗan sunkuyar da ƙoƙon kanta. Ta dawo da magariba ta ɗora tuwo. In ta buɗe littafi bayan an ci an sha, layi biyu take yi ta ji goshinta ya bugi shafin.

Ana haka sai ga uwar Filibus, Mama Asabe, ta iso daga ƙauyensu na wajen Kafancan da ƙullin citta da ciwon gwiwa. Ta ce ta zo taya surukarta aiki. Tayawar da ta yi ita ce ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta miƙe ƙafa, duk sanda Naomi ta gifta ta miƙo mata hannu.

"'Yata, taɓa ki ji, jinina ya hau ko?"

"Mama, ba a koya mana ba tukuna."

"To me kuke yi a can tun safe?"

"Gyaran gado."

Mama ta riƙe baki. "Gyaran gado! Keken ɗinki guda aka sayar don a koya miki gyaran gado? Da kin zo na koya miki kyauta."

Allon shago kuwa yana ta aikinsa. Matan unguwa, waɗanda ko da wasa ba za su kwance zani a gaban Filibus ba, suka fara zuwa neman nas ta yi musu allura. Su ai in ba a soke su ba, ba a yi magani ba. Filibus ya yi ta ce musu nas ta je taro, nas ta je babban asibiti, nas na hanya. Kowace mace ta juya, sai ya bi bayanta da kallo kamar kazarsa ce ta shiga gidan maƙwabta.

"Maman Godwin, ki taimake ni," ya ce mata. "Awa ɗaya kawai da yamma. Ki bar kitson nan ki zauna min a shago."

"Ban iya ba. Kuma ko na iya, kora ce."

"Wa zai gaya musu? Allura kuma wani abu ne? Ki samu nama ki soka."

Ta ce a'a. Ya sake roƙo ranar Lahadi a hanyar dawowa daga sujada, ya haɗa da ayar biyayya ga miji. Ta sake cewa a'a. Daga nan ya daina maganar, har ya koma fara'a, ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka ya haƙura.

Sai riga ta fara yawo. Naomi za ta wanke ta shanya da safe, ta dawo ta tarar da ita a igiyar, amma da ɗumi-ɗumin jiki da warin turaren da ba nata ba. Wata rana ta ga ɗigon aidin a bakin aljihu. Ta tambayi Mama, Mama ta ce ita idonta ba ya gani sosai. Ta tambayi Deborah, ƙanwar Filibus da ke zaune tare da su tana taya shi tsaron shago, Deborah ta ce wataƙila tsuntsu ne.

Ranar wata Laraba aka tashe su da wuri, Naomi ta biyo ta shagon don ta karɓi makulli. Mata uku na zaune a benci da yara a cinya. Ta ɗaga labulen da Filibus ya raba shagon da shi, sai ta ga rigarta a sunkuye a kan wata tsohuwa, da sirinji a hannu. Deborah ce a ciki, ta matse a rigar har maɓalli na neman tsinkewa, sunan Naomi na zaune daram a ƙirjinta.

"Sannu da zuwa, Anti," in ji Deborah, ko kunya babu. "Ɗan riƙe min audugar nan."

Ashe Filibus ne ya koya mata allura a jikin gwanda. Shi kuma ya koya a wurin tsohon ubangidansa, wanda Allah kaɗai ya san inda ya koya.

Naomi ta juya ta fita saboda idon mutane. Ta haɗiye, ta je kitso, ta ja gashin wata amarya har sai da Hajiya Binta ta tambaye ta ko lafiya. Da magariba, da aka zauna cin tuwo, ta ajiye rigar a tsakiyar tabarma.

"Sunana ne a jiki. In wani abu ya faru, ni za a nema."

"Me zai faru?" in ji Filibus. "Yarinyar nan hannunta da sanyi, kowa yabo yake yi."

"Riga ce fa kawai," in ji Mama. "Kina da biyu. Jiki biyu gare ki?"

"Ni ma fa ta fi yi min kyau," in ji Deborah.

Filibus ya siɗe hannu ya gyara zama, da ganin fuskarsa ka san rediyo ya motsa. Ya ce lokacin da mutum ɗaya zai yanke wa jama'a hukunci ya wuce, gidan nan ƙuri'a za a kaɗa. Wanda ya yarda rigar nan ta zama ta shago, ya ɗaga hannu. Ya ɗaga nasa. Deborah ta ɗaga. Mama ta ɗaga nata da lomar tuwo a ciki. Godwin ma da ya ga ana ɗagawa ya ɗaga, uban ya ce a bar shi, shekarunsa ba su kai ba.

"Uku da ɗaya," in ji Filibus. "An kaɗa ƙuri'a, rigar ta shago ce."

Naomi ta ɗauke rigarta ta cusa a jaka, ta riƙa tafiya makaranta da su duka biyun. To a nan ne ta gane abin da ake nufi da 'yar adawa. Filibus ya daina ba da cefane cikakke, ya ce ciniki ya faɗi. Deborah ta daina ko ɗauraye kofin da ta sha ruwa. Gwiwar Mama ta tashi, sai an gasa mata safe da yamma, kuma hannun nas take so. Matar dattijon majami'a ta zo har gida ta zaunar da Naomi, ta ce mace mai hikima ita ke gina gidanta, kuma miji irin Filibus da ya bar matarsa ta yi karatu ai sai a riƙa gode wa Ubangiji. Gwajin da aka yi musu a aji Naomi ta faɗi warwas. Misis Obiechina ta miƙo mata takardarta ta ce, "A haka za ki ci jarrabawa? Ki sake shiri."

Da yammar ranar Filibus ya same ta a bakin murhu tana hura wuta, hayaƙi da hawaye sun haɗu. Ya tsuguna, ya yi murya mai taushi.

"Maman Godwin, mu yi sulhu. Deborah za ta ɗauki girki da wanki da kai Godwin makaranta. Gwiwar Mama ma ita za ta riƙa gasawa. Ke ki rungumi littafinki. Ki ba ta aron rigar zuwa jarrabawa kawai."

Naomi ta san ba daidai ba ne. Ta sani sarai, babu wanda ya rufe mata ido. Amma ta gaji, gajiyar da har ƙashinta take ji, kuma tana tsoron faɗuwa fiye da komai a duniya. Ta shiga ɗaki ta fito da rigar ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ta yi niyyar warware sunan, sai ta tuna ana duba rigunan duka biyu a makaranta lokaci-lokaci, ta ce a ranta ai saura kaɗan.

Kai, gida ya yi daɗi! Ta dawo daga kitso ta tarar da tuwo a rufe. Gwiwar Mama ta warke ba a san lokacin ba. Naomi ta yi karatu har ta zama ita ake tambaya a aji, gwaji na gaba ta zo ta biyu. Abu ɗaya ta sauya, ta daina bin titin shagon. Takan zagaya ta bayan makarantar allo da kwatar injin markaɗe, gara ta taka ruwan ƙulli da ta ga labulen nan. In ta ji mata a bas suna cewa akwai wata Nas Naomi a Gyaɗi-Gyaɗi mai sauƙin kuɗi, sai ta rufe ƙirjinta da jaka.

Saura mako guda jarrabawa, ana tsakiyar darasi, aka ce Misis Obiechina na kiranta.

A ofishin ta tarar da wani mutum mai zare a jikin rigarsa, da alama tela ne, da matarsa a lulluɓe, da wata 'yar yarinya da ba ta wuce sa'ar Godwin ba.

"Wannan Malam Lawan ne daga Darmanawa," in ji Misis Obiechina. "Wannan 'yarsa ce Jummai. Jummai, taka ki zo wurina."

Yarinyar ta tako. Ƙafar dama ta taka lafiya, ta hagu kuwa sai ta ɗaga gwiwa sama sannan ta jefa ta, tafin yana reto. Silifas ɗin ƙafar an ɗaure shi da tsumma don ba ya zama.

"Zazzaɓi ta yi," in ji Malam Lawan. "Uwarta ta ji labarin nas, muka kai ta. Ana soka allurar ta ƙwalla ƙara ta ce ƙafarta. Aka ce mana rakin yara ne. Likitan asibitin nan ya ce jijiya aka taɓa, wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Ni na yi boko kaɗan, na karanta sunan a rigar."

Uwar yarinyar ta ɗago ta dubi Naomi da kyau. "Malam, ba wannan ba ce. Waccan ta fi ta jiki."

Misis Obiechina ta cire tabarau. "To wace ce a cikin rigarki?"

"Ƙanwar mijina ce, Ma."

"Gobe da safe ki zo min da ita, da rigar. Ina so in ji daga bakinta yadda aka yi ta same ta."

Naomi ba ta je kitso ba ranar. Ta zarce gida, ta aika Godwin maƙwabta, ta faɗa musu komai a tsaye. Deborah ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu, ba don Jummai ba, don Emmanuel, saurayinta da aka sa musu rana a Kirsimeti. In danginsa suka ji an kai ta gaban hukuma, ai shi ke nan.

"Ƙafa ɗaya ce ko duka biyun?" in ji Filibus.

"Baban Godwin!"

"A'a, tambaya na yi. Yaran nan fa akwai shan inna a gari, wa ya tabbatar allurar ce? In Deborah ta je za su tambayi takardar shago, kin kuma san yadda takardar take. A rufe shago mu ci me? Farar riga?"

Mama ta jawo Naomi ta zaunar, ta riƙe mata hannu. "'Yata, ki duba. Ke kina da miji, kina da ɗa. Ko an kore ki, gida za ki dawo, ba a titi za ki kwana ba. Ita fa wannan ba ta da kowa sai auren nan. Ki rufa mana asiri."

"Yarinyar mutane fa, Mama? Da kin ga yadda take jan ƙafa."

"Ubangiji zai taɓa ta. Za mu sa ta a addu'a."

"Gobe tare za mu tafi da Deborah," in ji Naomi. "Ko ta tafi da ƙafarta ko in ja ta."

Da asuba ta fito tarar ruwa ta ga ƙofar ɗakin Deborah a buɗe, babu akwati, babu takalma. Filibus ya kai ta tasha ta bi motar farko ta Kafancan. Rigar dai sun bar mata a igiya, an wanke ta tas, har da shuɗi.

"Abu mai sauƙi," in ji Filibus yana shan koko. "Ki ce musu sace ta aka yi a shanya. Ke ba ki san komai ba. Ita kuma ta gudu. Kowa ya huta."

Duk tsawon hanya Naomi na juya maganar, kuma gaskiya ta yi mata daɗi. Kalma huɗu ce, ta faɗa ta zauna jarrabawa. Ta shiga ofishin ta ajiye rigar a tebur, ta ce Deborah ta bar gari. Misis Obiechina ta daɗe tana kallonta. Matar ba ta son rasa ɗaliba mai ƙoƙari, har muryarta ta sauko.

"Naomi, ki yi tunani kafin ki amsa. Ɗauka ta yi ba da saninki ba?"

Ta taga Naomi na hango barandar asibiti. Uwar Jummai na tsugune tana sake ɗaure tsumman silifas ɗin, yarinyar ta dafa kafaɗarta tana cin gyaɗa.

"Da sanina ne, Ma. Ni na ba ta da hannuna."

"Don me?"

"Don ta yi min girki in samu in yi karatu."

Misis Obiechina ta mai da tabaraunta. Ta ce da ma ƙarya Naomi ta yi mata da ta fi samun sauƙin korarta. Sannan ta kore ta.

Maganar Malam Lawan kuwa manya suka shiga, aka zauna a zauren mai unguwa, aka ce ƙaddara ce, maƙwabtaka ta fi shari'a. Filibus ya ba da haƙuri da hawayensa, ya haɗa wa yarinyar man zafi kwalba biyu kyauta. Ya dawo gida yana yabon mutanen Darmanawa, ya ce akwai su da fahimta.

Naomi ta koma shagon Hajiya Binta daga safe har yamma. Ana gobe bikin ɗora hula, sai ga 'yan ajinsu sun cika shagon, don kowa ta san babu mai kitso ƙanana irin nata, wanda hula za ta zauna a kai ba ta zame ba. Suka yi ta sunkuyar da kai suna jin nauyinta. Ta ce su saki jiki, ta kitse su ɗaya bayan ɗaya, tana gwada wa kowacce inda za ta soka fil. Da ta ƙarshen ta fita, Naomi ta shiga bayan shago ta yi kuka mai isarta. Hajiya Binta ta bar ta, ta ja ƙofa ta ce wa masu jira mai kitso ta je salla, duk da kowa ya san Kirista ce.

Da ta koma gida ta tarar Filibus ya sayo tsire, abin da bai saba ba. Ya jira ta ci yanka biyu.

"Maman Godwin, na yi tunani. Komai Ubangiji ya yi da dalili. Yanzu ai babu wanda zai kore ki, an riga an kora. Kuma wata shida kika yi a can, kin fi Deborah sani nesa ba kusa ba. Ga riguna har biyu suna zaune a akwati. Tun da yarinyar nan ta tafi mata ke zuwa suna komawa."

Mama ta ce, "Ka ga magana. Karatun bai tafi a banza ba ke nan."

Naomi ta dube shi, ta dubi Mama. Ta ɗauki wani yankan tsiren ta tauna a hankali.

"To," ta ce. "Gobe zan zauna."

Filibus har da tafi.

Da safe ta hura gawayi ta goge rigar, ta sa sitaci har tana tsayuwa da kanta. Ta sa farin takalmi, ta bi titin shagon a karon farko cikin watanni, mai faci na yi mata barka da fitowa. Ba ta shiga bayan labule ba. Ta jawo benci ta zauna a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin jan rubutun.

Ba a jima ba wata mata ta iso da goyo, jikin yaron zafi rau.

"Ke ce nas ɗin?"

"A'a, Yaya. Ni ce dai Naomi, ga sunan, amma ni ba nas ba ce, korata aka yi. Babu nas a shagon nan, ba a taɓa yi ba. A bayan labulen can aka lalata ƙafar wata yarinya 'yar Darmanawa. Ki tari acaɓa ki kai shi asibiti yanzu, kada ki tsaya."

Matar ta ja da baya, ta gyara goyonta, ta yi titi da sauri. Filibus na ciki da kwalin magani a hannu, baki buɗe.

Ta biyu ta zo, Naomi ta maimaita mata. Ta uku ma haka, har ta ƙara mata da sunan yarinyar. Kafin azahar mai faci ya ajiye tayar da yake yi, matan injin markaɗe sun bar robobinsu a layi sun matso suna saurare. Wani dattijo da asfirin kawai ya zo saye, shi ma sai da ya ji labarin tun daga farko, ya mai da kuɗinsa aljihu.

Filibus ya lallaɓo ya tsuguna a gefenta, gumi na bin wuyansa, yana murmushin dole saboda jama'a.

"Maman Godwin, don girman Allah tashi ki je gida ki cire rigar nan."

Naomi ta gyara zama, ta kakkaɓe ƙirjin rigar inda sunanta yake.

"Ba zai yiwu ba, Baban Godwin. An kaɗa ƙuri'a, uku da ɗaya. Rigar ta shago ce."

Ta ɗaga hannu ta yafito wata mata da ke tsallako titi riƙe da hannun 'yarta.